Baƙar mota: waks ko silant?

Tambayar da ɗan uwanmu ya turo ita ce: "Na sayi baƙar mota, ba sabuwa dal ba amma fentin kamfani ne a jikinta, kuma a waje take yini rana na dukanta. Wasu sun ce in riƙa shafa mata waks, wasu sun ce silant ya fi. Sannan in rana ta haska ta ina ganin wasu siraran zane-zane a bonet kamar saƙar gizo-gizo. Wanne zan saya?"

To malam, in dai a waje take yini, silant zaka saya, wannan kam ba sai mun ja zance ba. Amma tun kafin ka kashe kuɗinka gara ka sani, waɗancan zane-zanen da kake gani a bonet babu ɗaya a cikin biyun da zai cire maka su. Waks zai ɗan ɓoye su na wasu makonni, silant kuma wani lokaci ma ƙara fito da su yake yi, sai mutum ya shafa ya fito da motar rana ya ce an sayar masa da jabu, alhali kayan lafiyarsu ƙalau.

Bari in fara da shi fentin kansa don in baka san me kake karewa ba zancen ba zai zauna maka ba. Motocin da ake yi tun daga wajen shekarun 1980 zuwa yau fentinsu hawa-hawa ne, akwai na hana tsatsa a kan ƙarfe, sai firaima, sai launin, sai kuma kiliya a sama wadda bata da launi ko kaɗan, ita ce mai ba da sheƙin. Duka in ka haɗa kaurinsu yawanci tsakanin maikron 100 ne zuwa 150 (maikron dubu ne ke yin milimita ɗaya), wato kusan kaurin takardar rubutu guda ko ya ɗan ɗara, ita kiliyar kuma a ciki bata wuce maikron 35 zuwa 50. Shikenan abin da kake da shi. Duk abin da kake shafawa, duk abin da kake gogewa, a kan wannan kiliyar yake faruwa, baka taɓa baƙin ba sam. Shi waks ko silant ɗin da ya rage a jiki bayan ka goge kuwa bai kai maikron ɗaya ba. Kaga abin da bai kai maikron ɗaya ba ai ba zai tare tsakuwa ba, ba zai tare makulli ba, ko ƙwayar yashi da ta maƙale a tsumma ba zai tare ba. Aikinsa shine ya sa jikin ya yi santsi, datti ya kasa kamawa sosai, ruwa ya zame, in wani abu mai ci ya faɗo ya fara cin sa kafin ya kai ga kiliya.

Su zane-zanen nan kuma karce ne ƙanana a cikin kiliya, kuma kusan duka daga wanki da gogewa suke zuwa. Farar mota ma tana da su, wallahi wata ta fi taka yawa, ba a gani ne kawai. Gefen kowane karce yana watsa haske fari, a kan fari baya fitowa, a kan baƙi kuwa sai ya fito raɗau. Kuma ba wai a zagaye suke ba kamar yadda ido ke nuna maka, sun nufi ko'ina ne, rana ce ko ƙwan fitila ke haska waɗanda suka dace da kusurwarta sai ka gansu kamar da'ira kewaye da hasken. Ka matsa gefe zakaga da'irar ta bi ka. Shi yasa masu cewa wai in ka yi wanki a miƙe ba zata karce ba, rabin gaskiya suka faɗa, zata karce, sai dai karcen da ke layi ɗaya baya damun ido kamar wanda ya watsu.

Yauwa, waks. In masu harkar suka ce waks na asali, kanoba suke nufi. Kaki ne da ake samu a ganyen wata bishiya dangin dabino da giginya da ke fitowa a arewa maso gabashin Brazil, jihohi irin su Piauí da Ceará, sunanta na kimiyya Copernicia prunifera. Ita bishiyar tana fitar da shi ne don ganyenta kar ya bushe a zafi, sai a sare ganyen a shanya, a kaɗe garin, a narka a tace. Mafi kyau shi ake kira T1, daga ƙananan ganyen da basu buɗe ba, launinsa rawaya mai haske. A cikin kakin da Allah Ya halitta yana daga cikin mafi tauri, sai zafi ya kai digiri 82 zuwa 86 a ma'aunin salshiyos yake narkewa, kakin zuma kuwa tun 62 zuwa 64 ya zama ruwa. To tsantsarsa ba abin shafawa bane, ɓawo ne mai tauri da zaka iya karyawa da hannu, dole sai an narka shi da mayuka da sinadaran tsinkawa, sau da yawa a haɗa da kakin zuma ko farafin, kafin ya yi laushin da soso zai ɗauka. Don haka in kaga gwangwani an rubuta kanoba 100%, ma'anarsa kakin da ke ciki duka kanoba ne, ba wai abin da ke gwangwanin duka ba, yawanci ko rabi bai kai ba.

A nan matsalarka take. Bonet da rufin baƙar mota in rana ta take da tsakar rana suna wuce digiri 70 hankali kwance, ka ɗora tafin hannu ka ji, ba zaka iya barinsa ba. Mutum zai ce ai bai kai 82 ba, eh bai kai ba, amma ai ba tsantsa ka shafa ba, gauraye ne, mayukan ciki suna ƙonewa su tafi, kakin ya yi laushi, ƙura ta zauna ta kama, wanki biyu uku ka nemi waks ka rasa. A mota mai kwana a gareji a inuwa waks mai kyau zai iya kai wata biyu zuwa uku. A baƙar mota mai yini a rana in ka samu sati huɗu zuwa shida ka gode Allah, kuma rufi da bonet da saman but su ne ke fara mutuwa, ƙofofi su daɗe.

Ban ce waks bashi da daɗi ba fa. Gaskiya duk wanda ya taɓa shafa kanoba mai kyau a kan baƙi da aka gyara, ya ja baya ya kalla da yamma, ya san abin da ake faɗa. Baƙin yana yin siɗik, ya yi zurfi kamar jiƙaƙƙe, kamar in ka sa yatsa zai nutse. Wani ɓangare na wannan kyan daga mayukan ciki ne, suna cike ƙananan karcen su hana su watsa haske, kamar dai yadda mai yake yi wa busasshiyar fata, ka shafa ta yi luf, ka yi wanka bushewar ta dawo. Wannan ne yasa mota a wajen masu sayarwa take ɗaukar ido, ka kai gida bayan wanki uku ka fara tambayar kanka ko ita ce ka saya.

Silant shi kuma ba daga bishiya yake ba, haɗin ɗakin gwaji ne. Folima ne, wato sinadari mai dogayen ƙwayoyi irin na roba, yawancinsu dangin silikon, wasu akrilik, wasu da sinadarin fulorin. Bambancinsa da waks shine shi baya zama a sama kawai, yana kama jikin kiliyar kuma ƙwayoyinsa suna sarƙewa da juna yayin da yake nuna, wato yake bushewa ya yi ƙwari, shi yasa zakaga an rubuta kar ruwa ya taɓa shi na awa 12, wasu 24. Wannan lokacin ba wasa bane, in ka shafa da yamma raɓa ta sauka masa da dare ko ruwan sama ya dake shi ka rage masa kwana da hannunka. In ya nuna yadda ya kamata zafi baya narka shi, sabulu baya saurin cinye shi, wata huɗu zuwa shida abu ne da aka saba gani, wasu kamfanoni suna cewa nasu shekara guda. Ni dai duk adadin da na gani a jikin kwalba nakan raba shi biyu in motar baƙa ce kuma a rana take, kuma ban cika yin nisa da gaskiya ba.

Kyansa daban ne da na waks, shi sheƙinsa kamar gilas ne, mai kaifi, in fentin mai ƙyalƙyali ne irin metalik sai ƙwayoyin su fito tar. Masu son kanoba suna cewa silant yana sa baƙi ya zama kamar roba, ba ɗumi. Akwai ƙamshin gaskiya a da, silant na yanzu kam an wuce wurin. Ka raba bonet biyu da tef, ka gyara shi duka daidai, ka shafa waks a rabi silant a rabi, ka kira mutane su nuna maka wanne ne wanne, mafi yawa canka kawai zasu yi. Mafi yawan sheƙin da ake yabon gwangwani a kai, folish ɗin da aka yi kafin a buɗe gwangwanin ne ya kawo shi.

Amma babban dalilin da yasa nake tura masu baƙar mota wajen silant ba ma daɗewar kanta bace, abin da daɗewar take hanawa ne. Baƙin fenti duk taɓawa da kuɗinta. Duk lokacin da tsumma ya bi ta kansa, komai laushinsa, akwai yiwuwar ƙwayar ƙura ɗaya ta shiga tsakani ta ja layi. Mai waks dole duk wata ya shafa ya goge motar gaba ɗaya, sau goma sha biyu kenan a shekara, mai silant sau biyu ko uku. Kuma gogewar waks ɗin gwangwani da ya bushe da yawa tana son ƙarfi, mutum ya danna ya murza, garin neman gira a rasa ido. Na sha ganin motoci baƙaƙe na mutanen da suka fi kowa son motarsu, kullum suna kanta da tsumma, nasu fentin ya fi na wanda bai damu ba lalacewa. Saboda haka duk abin da zai rage yawan sa hannu a jikinta shi ya fi mata.

Sai ka yi hankali da sunan da ke jikin kwalba, don kasuwar ta cakuɗe. Kamfanoni sun san kalmar waks ita mutane suka sani, sai su rubuta ta a kan abin da silant ne tsantsa. Meguiar's Ultimate Liquid Wax folima ne na haɗi duk da sunansa. Fusso Coat na kamfanin Soft99 na Japan a gwangwani yake zuwa kamar waks, an ma rubuta wata 12 a jiki, amma silant ne mai fulorin, kuma akwai na motoci masu duhu daban. Collinite 845 kuma ruwa biyu ne, kanoba da folima, asalinsa ma kamfanonin wutar lantarki aka yi wa shi don shafa wa kayan layin wuta, masu mota suka gano yana daɗewa suka rungume shi. Irin waɗannan na tsakiyar suna da kyau ga wanda baya son dogon lissafi. Juya kwalbar ka karanta bayanta, in kaga ana maganar folima ko sintetik da lokacin nuna, silant ne ko me aka kira shi a gaba. Akwai kuma wanda ake kira kilina waks, shi yana da ɗan abin gurza da sinadarin wanki a ciki, yana da amfani in kana sauri, amma kar ka kuskura ka ɗora shi a kan silant, cire shi zai yi. Baƙin waks da ake tallatawa don baƙar mota kuma rini ne aka zuba a ciki, yana taimakawa wajen ɓoye fararen ɗigon da tsakuwa ta fasa, bayan wannan ba wani sirri, tunda kiliya kake shafa wa kuma ita bata da launi.

Yanzu shiri, wanda shine aikin gaske. Shafa silant a kan fentin da ba a tsabtace ba kitso da ƙwarƙwata ne, ba zai kama ba kuma ka rufe datti a ciki. Ka wanke ta tas ka busar. Sai ka samu siririyar leda ka sa hannunka a ciki ka shafa bonet a hankali, zaka ji wani gurus-gurus kamar yashi ko da ido na ganin ta fes. Wannan ƙurar birki ce da ɓurɓushin ƙarfe da kwalta da danƙon bishiya da feshin fenti da suka kafe, sabulu baya cire su. Akwai ruwan cire ƙarfe da ake fesawa, in ya haɗu da ƙarfe sai ya koma shunayya yana gangarowa, warinsa kam ba daɗi, ka bar shi 'yan mintuna kar ya bushe ka ɗauraye. Abin da ya rage sai kilee, wani abu ne kamar cingam da ake murzawa a jiki da ruwan santsi mai yawa. In ya faɗi ƙasa ka jefar, kar ka ji ciwon kuɗinsa. A baƙar mota kilee kusan kullum yana barin ɗan dishi-dishi, don haka ka sa a ranka folish zai biyo baya.

Folish shi kaɗai ne ke cire saƙar gizo-gizon da ka yi tambaya a kai, kuma yadda yake cirewa shine ya ci kiliyar da ke kewaye da karcen har ta sauko daidai da ƙasansa. Ka tuna maikron 35 zuwa 50 kawai ke gareka. Folish mai laushi yana cin maikron ɗaya zuwa uku, kompawun mai kaushi ya fi haka sosai, kuma abin da aka ci baya dawowa. Shawarar da aka saba bayarwa ita ce duk tsawon rayuwar fentin kar a ci fiye da kusan kashi ɗaya cikin huɗu na kiliyar, don sinadaran tare hasken rana a cikinta suke. Saboda haka ba abin yi duk wata bane, a yi sau ɗaya da kyau sannan a kiyaye. In karce ya kama farcenka in ka ja a kai, bar shi, ya yi zurfi, sai dai a rage masa kaifi. In zaka bayar a yi maka, ka tambayi wane inji zasu sa. Mai juyawa kai tsaye da ake cewa rotari a hannun gwani ba kamarsa, a hannun ɗan koyo kuwa zai bar maka wasu inuwoyi masu rawa a jiki in rana ta haska, ko ya ƙone gefen fenda. Mai juyi biyu, DA, ya fi sauƙin sha'ani. Kuma kar ka karɓi motar a cikin rumfa, a fito da ita rana, ko ka haska fitilar wayarka kusa da fenti ka duba. Ka ce a goge wuri ɗaya da alkohol IPA da aka sirka da ruwa, kamar kashi ɗaya cikin huɗu ko biyar, in karcen ya dawo to cikewa aka yi da mai ba cirewa ba. Dama wannan gogewar ta IPA dole ce kafin silant, don man folish yana hana shi kamawa.

Wajen shafawa kuskuren kowa ɗaya ne, lafta shi da yawa. Abin da zai zauna a jiki ba zai ƙaru ba don ka ƙara, ragowar duk a tsumma zai ƙare, kuma a baƙi shi ke kawo shatin nan mai kama da maiƙo da zaka yi ta gogewa yana gudu gefe. Ɗigo uku huɗu a soso mai laushi ya isa rabin bonet, ya zama sai ka karkata kai kake ganin sa. A inuwa, jiki da sanyi, in ka taɓa ka ji ɗumi ka jira. Ka bar shi ya yi hazo gwargwadon abin da aka rubuta, sai ka ja yatsa a kai, in wurin ya fito fes ya yi, in ya yi jirwaye da saura. Goge da tawul ɗin maikrofaiba mai tsabta, ka ninka shi huɗu kana juya fuska, ba dannawa. Ka cire masa lakabin da ke gefe don shi kansa yana karce baƙi. In ka gama kaga shati, fesa ɗan ruwa mai sanyi a tawul ka bi a hankali, yawanci yana ɗaukewa. Ka kiyayi baƙar robar bamba da ta gefen gilas, waks na gwangwani musamman yana shiga ƙofofinta ya bushe ya yi fari fat ya ƙi fita, manna tef a kai kafin ka fara ya fi maka sauƙi.

In kuma ranka na son kyan kanoba, ba haramun bane ka haɗa. Silant a ƙasa, a bar shi ya nuna kwana guda, sannan waks a sama, amma waks tsantsa mara abin gurza. Kar ka juya tsarin, silant a kan waks ba abin da zai kama, zai tafi tare da shi. Ni a ganina ga motar da ake hawa kullum kwalliya bata biyan kuɗin sabulu, don waks ɗin saman ya fi jan ƙura kuma ka dawo kan yawan gogewa da muke gudu. Ga motar da ke rufe a gareji ana fito da ita jefi-jefi kuwa, waks kaɗai ma ya wadatar, shafa abinka ka more.

Akwai wani abu da ba a cika faɗa wa masu baƙar mota ba, maganar tabon ruwa. Kowa na son ganin ruwa ya dunƙule ƙwaya-ƙwaya a bonet, ana ɗaukar bidiyo ana sawa. To kowace ƙwayar nan in ta bushe a wurin sai ta bar abin da ke cikinta, in ruwan mai zartsi ne akwai kalsiyam da magniziyam, su zauna su yi farin zobe, zafin baƙin fenti kuma ya gasa su har su ci cikin kiliya. Waks da silant duka suna sa ruwa ya dunƙule, babu wanda ya tsira, sai dai suna sa tabon ya zauna a kansu maimakon kan fenti in ka yi saurin cirewa. Don haka kar ka wanke ta a rana, kar ka bari ta bushe da kanta, kar ka ajiye ta kusa da inda ake fesa wa fulawa ruwa. Sabon tabo farin binega rabi da ruwa rabi yana narka shi, sai dai yana raunana waks ɗin wurin, ka sake shafawa. Wanda ya riga ya ci ciki sai folish.

Kashin tsuntsu ya fi wannan sauri, a kan bonet mai zafi cikin awoyi kaɗan zai iya barin shati, kuma ko wanne ka shafa lokaci kawai yake saya maka. Kar ka kankare shi a bushe, akwai tsakuwa a ciki, ɗora jiƙaƙƙen tawul ya yi laushi sannan ka ɗauke. Maganar kariya daga hasken rana da ake rubutawa a kwalba kuma kar ka ɗora mata nauyi sosai, abin ya yi siriri da yawa, aikin na kiliya ne. Inuwa ta fi kowace kwalba, amma ba inuwar bishiyar da tsuntsaye ke kwana ba. Rigar mota ma in ka rufa ta a kan ƙura iska na kaɗa ta, gurza take yi.

Duk wannan wahalar wanki ɗaya na banza zai rusa ta. Sabulun wanke-wanke da garin wankin kaya an yi su ne don yanke maiƙo, waks kuwa dangin maiƙo ne, silant ya fi jurewa amma shi ma yana jin jiki. Shamfun mota mara kaifi zaka nema. Ka fara kwarara ruwa ya tafi da yashin kafin hannu ya taɓa. Bokiti biyu, ɗaya na kumfa ɗaya na ɗauraye safar wankin, daga sama zuwa ƙasa, tayoyi da ƙasan ƙofa abin wankinsu daban. Sannan babban abin da ke kashe baƙar mota, share ƙura a bushe da safe kafin a fita. Na san da wuya mutum ya ga ta yi futu-futu ya ƙyale, amma ko dai ka wanke da ruwa ko ka bar ta haka nan, kuma ka gaya wa duk mai yi maka hidimar goge ta ya daina.

Nasan wani zai ce ina seramik. Shi wani mataki ne gaba da silant, tushensa silika, yana kaiwa shekara biyu zuwa biyar in an yi shi daidai, amma yana son shiri mai tsanani kuma in ka bar ragowarsa ta yi tudu ta bushe a baƙi sai inji ya cire shi. 9H da ake rubutawa ma'aunin taurin fensir ne, ba wai ya kusa daimon ba, yana karcewa, tabon ruwa kuma yana kama shi sosai. Na fesawa masu ɗan seramik a ciki kuwa ka ɗauke su a matsayin silant mai sauƙin shafawa, wata uku zuwa shida, kuma gaskiya ga mai irin motarka zaɓi ne mai kyau don kusan babu murzawa a ciki. Abin da ke tare tsakuwa da gaske sai ledar kariya ta PPF, mai kaurin maikron 150 zuwa 200.

Tunda ka ce fentin kamfani ne, ka dai tabbatar. In akwai fanel ɗin da aka yi wa sabon feshi, a bar shi kwana 30 zuwa 90 gwargwadon abin da mai fentin ya ce kafin a rufe shi da komai, don tina na ci gaba da fita. In ka goga folish a farin tsumma kaga baƙi ya fito, wurin bashi da kiliya, fenti mai hawa ɗaya ne, irinsa yana shan mai kuma ya fi son waks ko a fara ciyar da shi da gileez, wani abin shafawa mai mai da ke ƙara sheƙi. In kaga rufi ya fara yin fari-fari yana ɓarewa, kiliyar ta mutu, ba abin shafawa da zai tashe ta sai feshi. Baƙi mara sheƙi irin mat kuma ba a sa masa waks ko folish, yana da nasa kayan daban.

Sanin lokacin sabuntawa kuma ba kalanda zaka duba ba. Bayan wanki ka kwarara ruwa a rufi da bonet, in ya tattare ya gudu ya bar wurin kusan a bushe da sauransa, in ya shimfiɗe ya kwanta yana jan ƙafa ya ƙare. Kafin ka yanke hukunci ka sake wanke wurin da kyau, don sau da yawa silant ɗin na nan, dattin hanya ne ya hau kansa ya toshe shi. In ya tabbata ya tafi, ba sai ka sake folish ba, wanki, ledar gwaji, in da gurus-gurus ka cire, ka shafa sabo, kuma saman motar kaɗai ma zaka iya yi ka bar ƙofofi sai zagaye na gaba.